Abu Zaid al-Balkhi: Malamin da ya rubuta maganin ciwon rai fiye da shekara 1,000 da suka wuce

A cikin tarin littattafan Aya Sofiya da ke birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, akwai wani littafin Larabci rubutun hannu da ya shafe ɗaruruwan shekaru ba tare da mutane da yawa sun buɗe shi ba. Sunansa Masalihul Abdan wal Anfus, wato abubuwan da ke gyara jiki da rai. Marubucinsa, Abu Zaid Ahmad bin Sahl al-Balkhi, ya rasu a shekarar 934 Miladiyya.

Da masana halayyar ɗan Adam na wannan zamani suka karanta shi, sai suka tarar da wata hanya da suka sani sarai: koya wa mai damuwa ya lura da tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci, ya auna shi, ya maye gurbinsa da wanda ya fi kusa da gaskiya. Yau ana kiran wannan hanya maganin gyaran tunani da hali, likitoci kuma na taƙaita sunan da Si-Bi-Ti. Ana amfani da ita wajen taimaka wa masu ciwon damuwa da tsoro da waswasi, har da masu ciwon sauyin yanayi mai fuska biyu da ake kira baifola.

Al-Balkhi ya kuma faɗi inda iyakar wannan hanya take. A wurinsa akwai baƙin cikin da magana da tunani ke warkarwa, akwai kuma wanda tushensa a jiki yake, dole sai an haɗa da magani. Wannan rabe-raben nasa ne ya sa tarihinsa ya shafi iyalai da dama a Kaduna da sauran garuruwan Arewa.

Ɗan malamin makaranta

An haifi Abu Zaid wajen shekarar 850, daidai da 235 bayan Hijira, a wani ƙauye mai suna Shamistiyan kusa da birnin Balkh. Balkh na arewacin Afganistan ta yau, kusa da Mazari Sharif. A lokacin babban birni ne na kasuwanci da ilimi a yankin Kurasan, har Larabawa suka yi masa laƙabi da uwar birane.

Yankin ba baƙo ba ne ga mai karatun hadisi. Idan mutum ya bar Balkh ya nufi arewa ya haye kogin Jaihun, zai faɗa Tirmiz, garin Imam Tirmizi. Can gaba kuma ga Bukhara, garin Imam Bukhari, wanda ya rasu a 870 lokacin Abu Zaid na saurayi ɗan kimanin shekara 20.

Mahaifinsa mutumin Sijistan ne, sana'arsa koyar da yara. Gidan ba na sarauta ba ne, ba kuma na dukiya ba. Masu tarihi irin su Yaƙut al-Hamawi sun siffanta Abu Zaid da cewa siriri ne, matsakaicin tsawo, mai duhun fata, da zanen ciwon agana a fuska, mai yawan shiru da kamun kai.

Shekara 8 a Iraƙi

Yana matashi ya bi ayarin mahajjata a ƙafa zuwa Iraƙi don neman ilimi, ya zauna a can shekara 8. Bagadaza a wancan lokaci ita ce babbar cibiyar ilimi ta daular Abbasiyawa, inda ake fassara littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci.

Littattafan tarihi sun lissafa shi cikin ɗaliban Abu Yusuf al-Kindi, wanda ake kira masanin falsafar Larabawa. Ya karanci falsafa da ilimin taurari da likitanci da ilimin halittu, a gefe guda kuma ya zurfafa a ilimin addini da harshen Larabci. Shi kansa al-Kindi ya rubuta wata ƙaramar risala a kan dabarun korar baƙin ciki, don haka ɗalibin ya taso a makarantar da ta ɗauki wannan batu a matsayin abin nazari.

Da ya koma gida sai ya kama sana'ar mahaifinsa ta koyarwa. Daga nan sunansa ya fara yaɗuwa saboda iya rubutu, har ake kiransa Jahiz na Kurasan, ana kwatanta shi da shahararren marubucin nan na Basra. Ibn an-Nadim, mai littafin al-Fihrist, ya jero sunayen littattafansa da dama. Akwai na siyasa, akwai na rabe-raben ilimi, akwai kuma wanda ya rubuta a kan tsarin Alƙur'ani mai suna Nazmul Ƙur'an, wanda malaman baya suka yaba ƙwarai. Mafi yawansu sun ɓata.

Mutumin da ya ƙi zama waziri

Malamin wancan zamani yakan rayu ne da kyautar manya, kuma Abu Zaid ya ɗanɗani ɗacin hakan. Wani babban kwamandan soja, Husaini al-Marwarruzi, yana ba shi alawus a kai a kai, amma ya yanke bayan malamin ya rubuta wani littafi a kan tawili da bai yi masa daɗi ba. Haka wani babban jami'in gwamnati daga gidan Jaihani ya daina yi masa aike saboda wani littafin da ya rubuta a kan hadaya da yanka. Duk da haka bai janye abin da ya rubuta ba.

Wajen shekarar 918 Ahmad bin Sahl ya karɓi mulkin Balkh a ƙarƙashin daular Samaniyawa, ya nemi Abu Zaid ya zama wazirinsa. Malamin ya ƙi, ya zaɓi aikin magatakarda. Wazircin ya koma hannun abokinsa, masanin tauhidi Abul Ƙasim al-Ka'bi. An ruwaito cewa albashin waziri dirhami 1,000 ne a wata, na magatakarda 500, sai al-Ka'bi ya sa a riƙa cire 100 daga nasa ana ƙara wa abokin nasa.

Mulkin bai daɗe ba. Ahmad bin Sahl ya yi wa sarkin Samaniyawa tawaye, aka kama shi, ya mutu a kurkuku a Bukhara wajen 920. Abu Zaid ya koma ƙauyensu, inda yake da gona, ya ci gaba da karatu da rubutu. An kuma ruwaito cewa sarki ya gayyace shi Bukhara, ya kama hanya har bakin kogin Jaihun, da ya ga girman ruwan da ƙarfinsa sai ya aika da uzuri ya juya gida.

Kafin a farga da littafinsa na lafiya, duniya ta fi saninsa da ilimin ƙasa. Ya zana taswirorin yankunan Musulunci tare da bayani a wani aiki da ake kira Suwarul Aƙalim. Aikin bai iso gare mu ba, amma al-Istakhri da Ibn Hauƙal da al-Muƙaddasi sun ɗora a kansa, har masana ke kiran salonsu makarantar Balkhi. Ibn Hauƙal ɗin nan shi ne ya yi bayanin kasuwancin zinariya tsakanin Sijilmasa da Audagust da tsohuwar daular Gana a Afirka ta Yamma.

Abin da ke cikin littafin

Masalihul Abdan wal Anfus kashi biyu ne. Na farko babi 14 ne a kan jiki: muhalli da ruwa da iska, sutura, abinci da abin sha, barci, wanka, motsa jiki da sauransu. Na biyu babi 8 ne a kan rai.

Al-Balkhi ya soki likitocin zamaninsa da cewa sun duƙufa a kan zazzaɓi da ciwon kai sun manta da ɗaya ɓangaren mutum. Hujjarsa ita ce mutum zai iya yin shekaru jikinsa bai yi ciwo ba, amma da wuya ya wuni bai ji fushi ko fargaba ko ɓacin rai ba. Ya kuma nuna cewa jiki da rai a sarƙe suke. Mai zazzaɓi ba ya iya tunani da kyau, mai baƙin ciki kuma abinci da barci kan gagare shi har ya kwanta.

Ya ware matsaloli huɗu: fushi, tsoro da firgici, baƙin ciki da raki, sai waswasi. Kowace ya ba ta magani ta hanya biyu. Ta waje ita ce nasihar wani amintacce mai hankali, domin mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani, kuma wanda ke cikin tashin hankali ba ya ganin al'amarinsa daidai. Ta ciki kuwa ita ce tunanin da mutum ya tanada wa kansa.

Ya ba da shawarar mutum ya tara kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon da ka iya tasowa cikin dare. Ya ce a saba wa rai da haƙurin ƙananan abubuwa domin ya iya ɗaukar manya.

Game da tsoro, ya kawo misalin baƙauyen da bai taɓa ganin hazo ba. Daga nesa zai zaci bango ne, sai ya shiga ya tarar iska ce yake shaƙa. Ya kuma lura cewa soja da likita sukan daina razana da ganin rauni saboda sabo, kamar dokin da ake matsar da shi a hankali kusa da abin da yake tsoro har ya daina zabura. Masu waswasi kuwa ya gargaɗe su da kaɗaici da zaman banza.

Baƙin ciki iri biyu

A babin baƙin ciki ya bambanta nau'i biyu. Na farko yana da sanannen dalili, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya. Maganinsa shi ne a taimaki mutum ya sake duban abin: ya tuna cewa lafiyarsa ta fi abin da ya rasa daraja, cewa haka duniya take ga kowa, cewa asarar ta iya fin haka muni, kuma zafin musiba a farkonta ya fi tsanani, kullum raguwa yake yi.

Na biyu shi ne wanda ke sauka ba tare da dalili ba. Mutum ya wayi gari jikinsa a mace, ba ya sha'awar komai, ba ya jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, kuma ko an tambaye shi ba zai iya cewa ga abin da ya faru ba. Al-Balkhi ya danganta wannan da sauyi a jiki, a bisa fahimtar likitancin lokacinsa ya ce matsalar jini ce. Don haka ya ce a yi wa jiki magani, a kuma haɗa da hira mai daɗi da zama da mutane.

Bayaninsa na jini bai tsaya ba a gaban binciken zamani. Abin da ya tsaya shi ne cewa bai ɗora wa mai wannan ciwo laifi ba. Malami ne da ya rubuta littafi a kan Alƙur'ani, amma bai kira ciwon raunin imani ba, ya sa shi a sahun cututtukan da ake nema wa magani.

Abu Zaid ya rasu a ƙauyensu a shekarar 322 bayan Hijira, wato 934, yana da shekara 80 da 'yan kai. Cikin ɗalibansa akwai masanin falsafa Abul Hasan al-Amiri. Bayan rasuwarsa da kimanin shekara 46 aka haifi Ibn Sina, wanda mahaifinsa ma mutumin Balkh ne.

Yadda littafin ya sake fitowa

A 1984 masanin tarihin kimiyya ɗan Turkiyya, Fuat Sezgin, ya buga hoton rubutun hannun a birnin Frankfurt na Jamus. A 2013 kuma Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, ya fitar da fassarar kashi na biyu zuwa Turanci tare da sharhi.

Kafin nan, a shekarun 1960, wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pensilbeniya ta Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa marasa lafiyarsa masu damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba shiri, suna nuna musu cewa su ba komai ba ne kuma gobe ba za ta yi kyau ba. Ya tsara hanyar koya musu kama irin wannan tunani da gwada shi da hujja. Beck ya gina aikinsa ne a kan nasa binciken, kuma shi da abokan aikinsa ne suka sa aka gwada hanyar a kan dubban mutane. Ya rasu a 2021 yana da shekara 100.

Ina ciwon baifola ya shigo?

Ciwon baifola ba ya cikin matsaloli huɗun da al-Balkhi ya lissafa. Likitocin Faransa biyu, Falret da Baillarger, su ne suka bayyana shi a matsayin ciwo guda mai zagayowa a shekarun 1850, sannan Bajamushe Emil Kraepelin ya ƙara fayyace shi a 1899. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a 2019.

Ciwon na da fuska biyu. A ɗaya, mutum kan shafe mako guda ko fiye cikin zumuɗi ko saurin fushi. Barci ya ragu ba tare da ya ji gajiya ba, magana ta yi yawa da sauri, ya ji ya fi kowa, ya kwashe jari ya rabar ko ya shiga cinikin da ba shi da kan gado. A ɗaya fuskar kuma ya faɗa irin baƙin cikin nan marar dalili na mako biyu ko watanni, har wani ya fara tunanin kashe kansa. Tsakanin biyun yakan koma daidai kamar kowa. Ciwon yakan bi dangi, yakan fara a ƙuruciya, kuma rashin barci ko haihuwa na iya tayar da shi.

A ma'aunin al-Balkhi, wannan ciwo na nau'i na biyu ne, mai tushe a jiki. Ginshiƙin maganinsa ƙwayoyi ne masu daidaita yanayi. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne litiyom, wanda likita John Cade na Ostireliya ya bayyana amfaninsa a 1949. Mai shan sa yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, da lura da ƙoda, da shan isasshen ruwa musamman lokacin zafi. Wanda zai yi azumi ya fara tuntuɓar likitansa. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ita ma ta sanar da likita, domin wasu magungunan na cutar da ɗan tayi. Shan maganin damuwa shi kaɗai ba tare da mai daidaita yanayi ba na iya jefa mai baifola cikin zumuɗi, shi ya sa sayen magani a kemis ba tare da ganin likita ba ke da haɗari.

Maganin gyaran tunani yana zuwa ne a matsayin ƙari, kuma ana yin sa lokacin da mutum ya samu natsuwa, yawanci a zama 12 zuwa 20. Ana koya masa rubuta yanayinsa da awannin barcinsa kullum. Yana gano alamomin da ke riga ciwon zuwa, kamar kwana biyu ba barci ko yawan kiran waya cikin dare. Yana tsara lokacin kwanciya da tashi. Yana koyon tuhumar tunanin da ke ce masa ba shi da amfani, da kuma wanda ke ce masa ya warke ya daina shan magani. Yana yin yarjejeniya da iyalinsa tun yana lafiya: wa za a kira, wa zai riƙe katin banki, kwana nawa za a jira kafin a yanke babbar shawara kamar saki ko sayar da gida. Wannan shi ne tanadin da al-Balkhi ya ce a yi tun ana cikin natsuwa.

Bincike ya nuna amfanin hanyar da kuma iyakarta. A wani gwaji da Dominic Lam da abokan aikinsa suka gudanar a Landan a kan mutum 103, aka wallafa a 2003, waɗanda aka haɗa musu magani da gyaran tunani sun fi waɗanda ke shan magani kaɗai tsira daga dawowar ciwon cikin shekara guda. Wani gwajin da ya fi girma, wanda Jan Scott ta jagoranta a Birtaniya aka wallafa a 2006, ya tarar cewa amfanin ya fi fitowa ga waɗanda ciwon bai tashi musu sau 12 ba. Darasin shi ne a fara da wuri. A duka gwaje-gwajen biyu, marasa lafiyar na ci gaba da karɓar kulawar likita da magungunansu.

Daga Balkh zuwa Barnawa

Daga Unguwar Rimi, mutum zai haye gadar kogin Kaduna ne ya isa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Akwai irinsa a Kware ta Jihar Sakkwato da Maiduguri, ga asibitin Dawanau a Kano, ga sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Shika da na Malam Aminu Kano. Tafiyar ba ta da nisa, amma iyalai da yawa sai sun zaga ko'ina kafin su yi ta, saboda kunyar a ce wani nasu ya je asibitin mahaukata.

A kan hanyar wannan zagaye ne ake asarar shekaru da dukiya da aure, wani lokaci har da 'yanci. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan gyaran tarbiyya a Rigasa, da yawansu ɗaure da mari. Watanni biyu bayan haka ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali a sassa daban-daban na Najeriya, a wuraren gwamnati da na gargajiya da na addinai biyun. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, ta kuma tanadi haƙƙoƙin marasa lafiya.

Doka kaɗai ba ta samar da ma'aikata. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa mambobinta ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, masu horon gyaran tunani kuma sun taru ne a manyan asibitoci. Don haka wani ɓangare na aikin yana komawa kan mutanen da al-Balkhi ya kira masu nasiha daga waje: uwa, miji ko mata, aboki, limamin unguwa. Su ne za su fara lura cewa barci ya ƙaurace wa mutum, su ne kuma ake tambaya ko ya ci gaba da shan magani bayan ya samu sauƙi.

Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, kuma malamin da aka kai wa irin wannan mara lafiya zai iya yi masa addu'a ya kuma tura shi Barnawa a rana guda. Idan mutum ya kwana uku bai yi barci ba kuma bai gaji ba, ko ya fara ambaton kashe kansa, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira gobe.